Ƙarfen Ɗorawar Mama

Zafin bana ya shigo Lafia tun kafin mu fara azumin Ista, kuma ya shigo ba sallama. Kwanon ɗakina a unguwar Azuba yana ɗaukar rana tun hantsi, da la'asar in ka dafa bango sai ka janye hannu. Ni kuwa sana'ata ta wuta ce. Daddawa nake yi, kuma kalwa ba ta nuna da wasa, sai ta wuni a tukunya tana cin itace. Ina zaune gaban murhu gumi na bin bayana, ƙamshin kalwa ya tashi, sai ga ni a ƙauyenmu can bayan Doma, cikin wata bazara ta yarintata. Duk shekara haka yake yi min. Bana ne kawai tunanin ya zo da ɗaci, har nake jin in ban faɗa ba zai shaƙe ni.

A wajenmu gona ta maza ce, ɗorawa ta mata. Namiji yana iya gadon ƙasa iyakar ganinsa, amma ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa ko reshe bai isa ya karya ba. Uwa ce take ba 'yarta ta fari. Ranar da za a kai yarinya gidan miji, uwa takan ja ta zuwa gindin itacen, ta ba ta tsohon ruwan fartanya wanda noma ya cinye, ta ba ta dutse, yarinya ta buga ƙarfen a jikin itacen da hannunta. Shi ke nan ta zama tata. Ko aure ya kai ta Makurɗi, duk bazara za ta dawo ta kaɗe abinta. Shekaru na tafiya ɓawo na haɗiye ƙarfen har ya ɓace, amma kowa ya san yana ciki. Tamu ƙarfe uku ne a jikinta: na Kaka, na Mama, da nawa. Na huɗu kuwa, a farkon bana, yana cikin akwatina naɗe a tsumma, don 'yata Rahila za a yi aurenta bayan Ista, kuma na yi rantsuwa ko ana ruwan wuta sai na kai ta ta buga shi.

Waccan bazarar da nake tunawa ruwa ne ya yaudare mu. Ya sauko sau ɗaya da ƙarfi, maza suka fita da murna suka shuka masara da ɗan gero, sai sama ta rufe bakinta. Tsiron ya fito, ya tsaya, ya naɗe, ya mutu. Irin doya da aka binne a kunya ya dahu a cikin ƙasa, in ka tona sai wari. Babanmu yakan tsaya bakin gona da safe hannu a ƙugu yana kallon gabas, ya juyo gida. Dawar rumbu ta yi ƙasa har sai an ɗaga ni an zura ni ciki in sharo ta da tsintsiya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu, kunun ma in ka leƙa kana ganin gindin ƙwarya.

Ga ɗorawa kuwa ta yi 'ya'ya kamar da gayya, sun sauko dogaye-dogaye a kan kawunanmu, amma ba mai taɓawa. Doka ce, sai ta bushe sosai mai unguwa ya sa an yi shela sannan a fara kaɗa. Mu yara mukan kwanta a inuwar muna kallon sama, yawu na tsinkewa. Wata rana na jefi guda da dutse ta faɗo, ɗanya shar, ban kai ta baki ba na ji hannun Mama a ƙeyata. Ta ce, "In kowa ya ci ɗanya, me za a ci in ta nuna? Yunwa ba ta fi ki jin kanta ba." Na yi kuka, ita ma na ga ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Ƙanena Bulus yana goye a lokacin. Nonon Mama ya ƙafe don ita kanta ba ta ƙoshi, yaron ya zama sai kai da ido, kukan ma ya daina yi da ƙarfi. Tsofaffi in sun leƙa bayanta sai su kau da kai su yi zancen wani abu.

Ranar da aka yi shela, tun gari bai gama wayewa ba mata sun fita da dogayen gora masu ƙugiya a baki. Ba a yin aikin a ware. Yau a taru a gindin ta wance, gobe ta wance, mai itace ta ɗauki nata ta ɗiba wa duk wadda ta taya. Har yanzu ina jin ƙarar faɗowarsu a kan busasshiyar ƙasa, da ihun mata in wata tsumagiyar 'ya'yan ta sauko a kan mutum. Mu yara muna tsinta muna ɓarewa muna turawa a baki, garin nan rawaya mai zaƙi yana manne mana a dasashi, fuska da gashi duk sun zama ruwan ɗorawa. Da yamma a zuba a turmi a daka, a tankaɗe, gari gefe ɗaya, kalwa gefe ɗaya. Ɓawon ma ba a zubarwa, a jiƙa shi a yi makuba a daɓe ɗaki. Garin ne ya zama abincinmu. Da safe a dama shi da ruwa a sha, da rana a ɗunƙula a ci, da dare a haɗa da 'yar dawar da ta rage. Ciki yakan yi ƙugi, baki yakan gaji da zaƙi har ka riƙa mafarkin gishiri, amma mutum yana tashi da ƙafarsa.

Hayin rafinmu akwai rugar Fulani, sun daɗe a wurin tun kafin a haife ni. Bayan girbi shanunsu ne suke kwana a gonarmu su bar mana taki. Ƙawar Mama a cikinsu Hajo ce, wata doguwa mai ɗan wushirya. Su ma bazarar ta gasa su, shanu sun zama ƙashi, mazansu na hawa itatuwan kawo da maɗaci suna sassabe ganye don dabbobi. Amma ko sau ɗaya ban ga sun ɗora adda a kan ɗorawa ba. Sun san ta mata ce, kuma matansu ma daddawarmu suke sa wa miya. Hajo ta zo wata safiya ta ga Bulus, ta koma. Da hantsi sai ga ta da ɗan nono a ƙaramar ƙwarya, abin da ta iya tatsa ke nan. Ta zauna a ƙasa ta dama shi da garin ɗorawa, ta ce wa Mama, "Kawo shi nan, ke kin galabaita." Da yatsa ta riƙa ɗura masa. Kullum sai ta zo, Mama kuma ta cika mata ƙwaryar da gari ta koma wa nata 'ya'yan. Haka yaron ya fara riƙe wuya, har wata rana ya ciji yatsar Hajo ta yi ƙara, muka kwashe da dariya.

Kalwar kuma muka kai rafi. Rafin a wannan fari ma bai ƙafe ba, don itatuwa sun rufe shi ta kowane gefe, in ka shiga sai ka ji sanyi har cikin kunne. A nan Mama ta koya min aikin da nake ci da shi yau: a dafa kalwa wuni guda, a sa toka a surfa ta a turmi har baƙin ɓawon ya saki, a wanke a ruwa mai gudu, a sake dafawa, a rufe da ganye a bar ta ta yi. Ranar da muka buɗe daddawar farko hadari ya haɗu. Muna gindin ɗorawa iska ta taso, ɗigon farko ya faɗi a ƙasa mai zafi, ƙamshin nan ya bugi hanci. Mama ta ƙi gudu. Ta tsaya a cikin ruwan da Bulus a baya, tafin hannunta a jikin itacen, tana ta magana da yarenmu ƙasa-ƙasa.

Ni ma na girma, na buga nawa ƙarfen. Dutsen ya kuɓuce min ya fasa kusurwar ƙarfen ya daki babban yatsana, farcen har yau a karkace yake fitowa.

Sai rikici ya zo. Kada a tambaye ni wa ya fara, don duk wanda ka tambaya yana da kabarin da zai nuna maka. Abin da na sani, mutanen da suka yi shekaru suna musayar taki da dawa sun wayi gari suna farautar juna. An ƙone gidajenmu, an ƙone rugar su Hajo, kuma har yau ban san ko tana raye ba. Namu suka cinna wa daji wuta wai kada a ɓuya a ciki a far musu, su ma suka cinna wa nasu ɓangaren don dalili ɗaya. Aka sare itatuwan bakin rafi don a riƙa hango mai zuwa. Muka gudo Lafia da abin da ke jikinmu, muka kwana a ajin makaranta da wasu da ba mu taɓa gani ba. A garin nan Mama ta rasu. Ba ta tambayi ɗakinta ba, ba ta tambayi tukwanenta ba, duk wanda ya zo daga wajen Doma abu ɗaya take tambayarsa, ko wuta ta kai ga ɗorawa. Ba ta kai ba. Da wannan labarin ta tafi.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo ne bayan an daina jin bindiga. Manomi yana tsoron zuwa gonarsa. Makiyayi yana tsoron shiga da shanunsa. Amma motar katako da motar gawayi suna shiga dajin nan da rana tsaka su fito a loɗe, ba wanda ya taɓa harbin tayarsu. Ta ina suka samu wannan zaman lafiyar da mu muka rasa? Masu motocin ba su binne kowa ba. Suna zaune a inda fanka ke juyawa, daji ya zama ba mai shi, suka aiko da injin sara. Kuma 'ya'yanmu da 'ya'yan Fulani, waɗanda ba sa iya haɗa ido a kasuwa, su ne suke kama buhu ɗaya su jefa a mota. Aka fara da maɗaci da kawo, aka bi da kaɗanya. Da suka ƙare aka juyo kan abin da ko mahaukaci ba ya taɓawa a da. Rafin da muke wanke kalwa ya zama hanyar tifa, ana kwasar yashinsa ana gina Lafia. Sannan mu zauna muna fifita da murfin kwano muna cewa zafin bana daga Allah ne. Ni yanzu kalwa saye nake a hannun 'yan arewa, ni da aka haifa a gindin ɗorawa.

Bulus ne ya fara komawa ƙauye da abubuwa suka lafa. Ya gwada noma, ƙasar da ta sha wuta ba taki ba inuwa ta ba shi abin da bai kai iri ba. Ga mata ga yara. Ya shiga lodin gawayi, daga nan ya koyi riƙe inji. Ban so ba, na faɗa masa, amma ban da abin da zan ba shi ya bari. Abu ɗaya na roƙe shi. Duk zuwansa Lafia kafin ya sha ruwa sai na tambaya, "Ɗorawata fa?" Shi kuma ya ce, "Yana nan, Yaya. Ka kwantar da hankali, ni ne mai gadin shi." Bulus dai har gobe "ka" yake ce wa mace da namiji, kamar rabin mutanen garin nan.

Bayan Kirsimeti ya zo yana ɗingishi, ƙwaurinsa a tsage. Ya ce sarƙar inji ce ta ci karo da ƙarfe a cikin itace ta tsinke ta zabge shi. Ban kawo komai a raina ba, don tun rikici itatuwan wajenmu cike suke da harsashi. Na dafa ruwan gishiri na wanke masa, ina tsine wa injin da wanda ya ƙera shi. Yana ta kallon ƙasa, na ɗauka zafin ciwo ne.

Da azumi ya yi nisa sai ga shi da a-kori-kura cike da faskare, manya-manya, busassu. Ya ce gudummawarsa ce ta bikin Rahila, in dafa daddawar biki. Na ɗaga guda na sansana.

"Bulus, wannan ai ɗorawa ce. Ta wa?"

"Ba mai shi, Yaya. Wutan daji ne ya kashe shi tun tuni, yana tsaye kawai."

Na yi tsaki na ce Allah ya isar wa matar da aka yi wa asara. Amma na karɓa, don itace ya yi tsada kuma biki na matsowa. Har na sa masa albarka.

Itacen ya ci wuta da kyau. Na dafa kalwa tukunya bayan tukunya. Washegari da safe na kwashe toka zan tankaɗe ta don surfe, kamar yadda Mama ta koya min, sai rariya ta yi ƙara. Na sa hannu na ɗago wani baƙin abu mai faɗi. Na goge shi da zanina. Ruwan fartanya ne, kusurwarsa ɗaya a fashe. Na dube shi, na dubi farcen yatsana. Na durƙusa na bi tokar nan da hannu tana ƙona ni, har na samo na biyu, mai faɗi irin na da, na Mama. Na tankaɗe duk tokar gidan, na farfasa ragowar itacen da gatari har maƙwabta suka leƙo. Na Kaka bai fito ba.

Na sami Bulus a inda suke tara buhunan gawayi a hanyar Doma, baƙi ƙirin har gira. Na buɗe tafin hannuna a gabansa. Abokan aikinsa suka ja baya.

"Mai gadi," na ce. "Ga kayan da aka ba ka gadi."

Ya ce, "Yaya, abeg, ka ji ni tukuna. Ogan da muke wa aiki ya riga ya saye duk layin nan a hannun masu gona. In ban sare ba wani ne zai sare, wallahi. Sun kawo wani opareta mai riƙe inji ma, na ce a'a, gara ni."

"Gara kai? Gonar wa aka sayar? Yaushe namiji ya fara sayar da ɗorawa?"

"Wannan doka na da ne, Yaya. Yanzu wa yake ji? Yarana ba su ci komai ba kwana da kwanaki. Kuma ai ban bar su sun kwashe duka ba. Gindin ne na ɓoye, na faskara da hannuna. Na ce naka ne, dole ya zo wurinka."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Da gaske yake, har cikin zuciyarsa gani yake ya yi min adalci. Ya kawo min abin da na gada a mota in dafa kalwar saye da shi. Na ce masa, "Ka san me ka sha ka rayu? Ka san wa ta ɗura maka da yatsa?" Ya ce ya sani, an sha ba shi labari. Hawaye ya wanke masa layi biyu a cikin baƙin fuskar. Ban tausaya masa ba a lokacin, ƙarya ce in ce na tausaya. Na tambaye shi ina ƙarfen Kaka. Ya nuna titi da haɓa. Sauran itacen sun zama gawayi, mota ta kwashe tuntuni. Wato ƙarfen kakata yana can cikin wani buhu a Abuja, wata rana mai gasa masara zai tsince shi a kaskonsa ya yi tsaki ya jefar a kwata.

Na hau acaɓa na je ƙauyen da kaina, don ido ya gani. Daga nesa a da ɗorawar ake fara hangowa, yanzu sai da ɗan acaɓan ya tambaye ni ko mun wuce. Kututture ne daidai gwiwata, faɗinsa ya isa mutum ya kwanta. Gefe ga wata baƙar da'ira inda suka binne rassan suka turara, ƙasar wurin ta ƙone ko ciyawa ba za ta yi ba. Na nemi inda zan fake wa rana in yi kuka, babu. A tsaye na yi shi, ina jin kukan wani injin daga hayin rafi, wajen da rugar su Hajo take a da.

An yi biki bayan Ista. Ruwa bai sauko ba tukuna, mutane na ta shan ruwan leda suna zuba wa kansu. Aka yi miyar agushi da daddawar nan, kowa na santi, wata ma ta biyo ni har madafa tana tambaya wane sirri na sa. Ni ban ci ba. Bulus ya zo da wankakkiyar riga ya zauna can baya inda ba zan gan shi ba, amma na gan shi.

Da lokaci ya yi da uwa take jan 'yarta zuwa gindin itace, tsofaffin matanmu suka dube ni, don duk sun ji. Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Na fito a gaban mutane na kama hannun Rahila na buɗe tafinta. Na sa mata ƙarfen Mama, na sa mata nawa, baƙaƙe da toka. Sannan na warware tsumma na ɗora nata a kai, na ba ta dutsen da na ɗauko daga gindin kututturen.

Ta dube su, ta dube ni, kwalliyarta na narkewa da gumi. Ta ce, "Mama, to a ina zan buga?"

Na juya na nuna can baya, inda mai wankakkiyar riga ya sunkuyar da kai.

"Ga kawunki can," na ce. "Je ki tambaye shi."